Sai Ƙarfen Ya Huce

Karo na uku ke nan motar Gambo tana shigowa garejin Pindar da ciwo ɗaya, kuma tun kafin ta gama tsayawa Pindar ya karanta labarin a fuskar direban. Gareji dai sunan girmamawa ne. Inuwar darbejiya ce a bakin wani layi a unguwar Wulari cikin Maiduguri, da akwatin kayan aiki, da jak guda biyu, da benci mai ƙafa uku wanda bulo ya tsaya masa a madadin ta huɗun. Amma duk mai mota a unguwar ya san hannun mutumin nan ba ya ƙarya, shi ya sa abin ya fi ci masa rai.

"Ta dawo, Oga Pindar," in ji Gambo, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Rawar nan ta dawo."

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya ta fara kaɗan-kaɗan. Jiya kuwa saura ƙiris yau a wuni zaman makokina."

Ya zauna a kan bencin ya ba da labari. Yana tahowa daga Damaturu da fasinja bakwai, maleji ya haura ɗari da ashirin, sai ga gangunan shingen sojoji a inda babu su da safe. Ya taka birki, sitiyari ya kama rawa a hannunsa kamar za a fizge shi, mota tana neman barin kwalta. Dole ya sassauta ƙafa ya sake takawa. Kafin ta tsaya ya wuce gangar farko da tsawon mota guda, ya ɗaga kai ya ga bakin bindiga yana kallon gilashinsa. Allah ya taƙaita, faɗa kawai ya sha.

A shekarun nan hanyar Damaturu ce ƙofar da ta rage wa Maiduguri, kuma ba a bin ta a hankali. Yaran nan, kamar yadda kowa ke kiransu don gudun kama suna, sukan fito daga daji su tare hanya, saboda haka direba kan yi gudu iya ƙarfin injinsa. Sojojin da ke tsaron hanyar kuwa sun sha ganin motocin da ke ɗauke da mutuwa, motar da ba ta tsaya inda aka ce ba ba su da lokacin tambayarta dalili. Direba yana bukatar gudu, yana kuma bukatar tsayawa cak. Gambo yana da na farko, na biyun ne ke neman kuɓuce masa.

Pindar ya jawo jak. Da wani direban ne da tuni ya tura shi gaba ya gwada wani hannun, amma Gambo ba wani ba ne. Ranar da yaran nan suka shiga garin su Pindar a kudancin Borno, shi da matarsa Florence da 'ya'yansu uku suna bakin titi ba takalmi, motoci suna wuce su a guje, wagon ɗin nan ce ta tsaya. Direban bai tambayi sunansu ba, balle coci suke zuwa ko masallaci. Cewa kawai ya yi su shigo, su kwantar da kan yara ƙasa. Yau kuma mutumin nan yana hawa hanya mafi haɗari a ƙasar da birkin da Pindar ya ce masa ya gyaru, har sau biyu.

Masu ba da shawara kyauta ba su yi ƙaranci ba, don ba sa taɓa yi. Mai facin da ke gefe ya ce balansin taya ne. Wani mai keke Napep da ya tsaya shan inuwa ya rantse alaimen ne, haka ta taɓa yi wa motar kawunsa. A tasha ma an riga an gaya wa Gambo cewa hannu aka sa masa, ya nemi malami.

"Ka bar su," in ji Pindar. "Idan kana gudu ba ka taɓa birki ba, tana rawa?"

"Lafiya lau take tafiya."

"To ba taya ba ce. A kujera kake ji ko a hannu?"

"A hannu. Da kuma ƙarƙashin ƙafata, feda tana turo ni."

"Gaba ne. Inda muka sani."

Ya cire tayar hagu, faifan birkin ya fito, wanda makanikai ke ce wa dis. Ba shi da agogon awo irin na manyan gareji, nasa ya ƙone tare da tsohon shagonsa. Sai ya ɗaure guntun alli a bakin ƙarfe, ya kafa shi daf da fuskar faifan, ya juya faifan a hankali da hannu. Faifai mai lafiya alli kan zagaye shi da layi ɗaya. Wannan kuwa allin ya taɓa rabi ya tsallake rabi. Na dama ma haka.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu abin da bai yi ba. Karo na farko ya kai faifan biyu wajen mai injin sassaƙar ƙarfe aka daidaita fuskarsu. Karo na biyu ya sake kaiwa, ya kankare tsatsar mazauninsu har tana sheƙi, ya canza fad ɗin da ke matse faifan, ya shafa wa ƙusoshin da ke zamewa giris, ya duba boris, ya ɗaure notin taya da hannunsa, wannan sannan na daura da shi, bai bar mai faci ya hau kan sifana da ƙafa ba. Kowane karo mota takan yi mako biyu tana tsayawa kamar an dasa ta, sannan rawar ta dawo. Ƙarfe ba ya lanƙwasa don ya ga dama. Zafi ne ke lanƙwasa shi, ko sanyin da ya faɗa masa lokacin da yake da zafi.

"Kana shiga ruwa a hanya?"

Gambo ya yi dariya, ya nuna sama. "Oga, a bazarar nan? Ko tsuntsu ya ga ruwa a hanyar nan sai ya yi sadaka."

"Kana wanke ta da ka dawo?"

"Wanki sai da asuba, kafin lodi."

"Kana danne birki idan kun tsaya a layin shinge?"

"Hanbirki nake ja. Kai ka koya mini."

Duk amsoshinsa daidai ne, kuma Gambo ba maƙaryaci ba ne. Faya-fayan sun yi siriri, ba za su ɗauki sassaƙa ta uku ba, don haka Pindar ya shiga kasuwar kayan gyara ya zaɓo wasu biyu masu kauri, ya ɗaura, ya gwada da alli, layi ya zagaye tsaf. Sai dai a cikin gari babu inda zai gwada abin da ya gyara. Daga wannan shinge zuwa wancan ko giya ta uku ba ka sakawa. Ciwon yana can bayan ƙofar gari, inda maleji ke wuce ɗari, shi kuwa Pindar tun ranar da ya shigo Maiduguri ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake ganin bayan ƙofar nan ba sai an daina harbi.

Yana goge hannu ya ji bakinsa ya ce, "Gobe ka bar mini kujerar gaba."

Florence ba ta yi ihu ba da ya gaya mata da yamma. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai da ko ƙarar tayar da ta fashe ke hana ka cin abinci."

"Idan ya mutu a kan birkin da na ɗaura, da wane ido zan dubi yaranmu? Shi ya kawo su nan."

Ta daɗe tana tsintar da ta riga ta gama. Sannan ta ce ya sa farar rigarsa, kada ya manta katin shaida, kuma idan ya dawo kada ya tsaya surutu a ko'ina.

Da hantsi suka wuce ƙofar gari, bayan layin bincike mai tsawo. Daga nan Gambo ya ba ta wuta. Fasinja suka yi tsit, sai ƙarar tazbaha a baya da wata mata da ke motsa baki. Pindar ya ga abin da ya yi shekara yana gudun gani: gawar tireloli a gefen titi sun ƙone sun yi ja, ƙauyuka babu rufi, gonaki babu kowa. Tsoro ya kama shi sosai. Don kada ya kalli waje sai ya kafa ido a ƙafar Gambo, ya ɗora tafin hannu a kan dashbod yana sauraron motar ta cikinsa.

Yaron ya iya tuƙi, wannan ba a ja. Ba ya jan birki a banza, yana rage giya kafin rami, a shinge yana tsayawa ya ja hanbirki ya ɗauke ƙafa. Sau goma sha ɗaya ya taka birki daga gudu mai tsanani, Pindar yana ƙirgawa, kuma ko sau ɗaya sitiyari bai motsa ba. A Damaturu Pindar ya zagaya ya kai bayan hannu kusa da kowace taya. Zafin hagu da na dama ɗaya ne, babu wadda ke riƙewa. Suka ci shinkafa da wake a tsaye, aka yi lodi, suka juyo don su riga rufe ƙofa. Dawowar ma haka, sumul.

Da suka shigo gari bayan la'asar Pindar ya rasa ko murna zai yi ko haushi. Ya sa ransa a hanya, ya dawo da abin da ya tafi da shi: mota lafiya, direba lafiya, nan da mako biyu kuma rawa. Yana cikin wannan tunanin ya ga Gambo ya karya kan mota ya bar babban titi ya shiga Ajilari, wadda ke nan kusa da mashigar gari.

"Tasha fa?"

"Minti biyu, Oga. In nuna wa tsohuwa fuskata. Fasinjana sun sani."

Lallai sun sani, don babu wanda ya yi ƙorafi. Wani dattijo a baya ma cewa ya yi Allah ya ja kwanan Ya Kellu, tsohuwar Gambo. Gambo ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa cewa shi ke bi wa tagwaye, shi ya sa aka sa masa Gambo. Hassan ya rasu yana ƙarami. Usaini direba ne, ya fita hanyar nan wata Talata bara bai dawo ba, ba a kuma sami abin binnewa ba. Da ƙyar mahaifiyarsu ta bar shi ya koma tuƙi wata takwas da suka wuce, da sharaɗin kullum gida zai fara tsayawa.

Tana tsaye a ƙofar gida, 'yar tsohuwa siririya cikin lafaya ruwan ƙasa, da bokiti a gabanta. Ba ta yi murmushi ba da ta ga ɗanta. Ta dube shi ta gilashi daga hula zuwa kafaɗa kamar mai ƙirga kaya, sannan ta ɗauki bokitin da hannu biyu, ta zagayo gaban motar bakinta yana motsi, ta sheƙa rabinsa a cikin tayar hagu.

Ƙarfen ya yi kuka, cuuu, tururi ya tashi fari har saman bonet.

Pindar bai san lokacin da ya buɗe ƙofa ba. Ta riga ta nufi tayar dama ta ɗaga bokitin, ya sha gabanta ya kama bakin bokitin da hannu biyu. "Mama, kar ki zuba! Don Allah kar ki zuba!"

Ruwan ya fantsama a rigarsa, mai sanyi ƙarara, irin na randar da ta kwana a inuwa.

Akwai abubuwan da mai hankali ba ya yi a Maiduguri a shekarun nan, kuma Pindar ya haɗa uku a lokaci guda: baƙo ne a unguwar, ya yi ihu, ya kuma kama kayan tsohuwa a gaban ƙofarta. Kafin ya saki bokitin samari 'yan gora huɗu masu gadin unguwa sun iso daga bakin layi, maƙwabta sun fito, wani yana tambaya da Kanuri wane ne wannan. Ɗaya ya riƙe masa wuyan riga yana neman katin shaida. Da aka karanta sunan, sai wata murya daga baya ta ce ruwan addu'a ne fa ya hana a zuba. Pindar ya ji layin ya yi masa ƙunci.

Gambo ya kutsa tsakani yana rantsuwa cewa makanikinsa ne, mutumin kirki ne, tare suka je suka dawo. Ba a saurare shi sosai ba. Ya Kellu ce ta ajiye bokitin ta faɗi kalma biyu da Kanuri, ba da ƙarfi ba, hannun da ke wuyan rigar ya sauka. Ta ce a sama wa fasinja keke su ƙarasa tasha. Sannan ta dubi Pindar ta ce da Hausarta mai nauyin harshe, "Kai, shigo zaure."

A bakin zauren Gambo ya riƙo hannunsa. Ya riga ya gane, fuskarsa ta nuna. "Oga, don girman Allah kar ka gaya mata. Ni ban taɓa ɗaukarsa wanki ba, addu'a ce. Ruwan nan shi ke sa ta iya barci. Idan ta ji, ko ta hana ni hanya ko zuciyarta ta buga. Na yarda in riƙa canza dis duk wata."

"Ranar da ka wuce ganga da tsawon mota biyu fa? Wa zai gaya mata wannan?"

Gambo ya sake shi.

Ta zauna a tabarma, ta nuna masa kujera 'yar tsugune. Ta ce, "Wushe da hanya," wato sannu da Kanuri. Sannan ba ta ƙara ba, ta jira. Pindar ya yi shekara talatin yana gaya wa masu mota abin da ba sa son ji, amma bai taɓa jin harshensa ya yi nauyi haka ba. Ya fara da ba da haƙuri. Ta ɗaga hannu, alamar ya wuce wannan.

"Ruwan nan tun asuba nake tofa masa addu'a," in ji ta. "Ƙafafun gaba su ke fara taka abin da ke hanya, su nake wankewa kada ya shigo mini gida da shi. Kana ji yana ƙara, yana hayaƙi. Sharrin ne ke ƙonewa. Kai kuma ka ce kar in zuba. To faɗa mini."

"Mama, addu'arki ba ni da ta cewa a kanta, ni ma tawa nake yi kafin in taɓa kowace mota. Sanyin ruwan ne." Ya duba tsakar gida ta ƙofar zaure, ya hango kaskon suya a jingine da murhu. "Idan kin sauke kaskon can daga wuta, kina zuba masa ruwan randa nan take?"

"Wa zai yi haka? Ai sai gindinsa ya bankare, ya ƙi zama a murhu."

Ta faɗa da saurin macen da aka yi wa tambayar yara. Pindar ya ga maganar tana shiga, ya so a ce akwai hanyar da zai tare ta. Ya ƙarasa a hankali: a bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe, shi ke tsayar da mota, kuma idan Gambo ya iso daga hanya faifan nan ya fi kasko zafi. Idan ya bankare, mota ba ta tsayawa inda direba ya ce.

Ta juya ga ɗanta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ta yi masa tambaya da Kanuri. Ya yi ƙoƙarin kaucewa, ta maimaita. Sai ya ba ta labarin gangar da bindigar, Pindar ya gane ne daga yadda ya nuna tsawon mota da hannu.

Ya Kellu ta dubi tafukan hannunta. "Ashe ni ce," in ji ta. "Su can suna nemansa a daji ba su samu ba, ni ina nan ƙofar gida da bokiti." Ba ta yi kuka da murya ba, hawayen ne kawai suka bi layukan fuskarta, kuma Pindar ya ji kamar ya kashe wani abu da hannunsa. Ta share da gefen lafaya ta ce to shi ke nan, ta daina, shi ma Gambo ya ajiye makulli, su ci abin da Allah ya hore ko da kunu ne.

"A'a, Mama. Ban ce ki daina ba." Ya matso da kujerar. "Wata takwas kina zubawa, wata takwas yana dawowa. Ni makanike ne, ban isa in ce babu hannunki a ciki ba. Ƙarfen kawai na sani. Ki bar shi ya huce. Ya shigo, ya ci abinci, ya yi salla, sannan ki zuba ko bokiti goma ne. Jira kawai."

Sai wata 'yar dariya ta kuɓuce mata ta cikin hawayen, gajeriya, mai ɗaci. "Jira? Ɗana, tun da aka fara abin nan wace sana'a gare ni ban da ita?" Ta ja numfashi. "Amma idan ya huce ba zai yi ƙara ba. Ta yaya zan san ta kama?"

"Idan kika ga Gambo ya sake dawowa gobe."

Ta aika a kawo masa ruwa ya sha, daga randar nan dai, ta kuma sa Gambo ya raka shi har bakin titi don kowa ya gani.

Washegari Pindar ya sake kwance tayar hagu ya gwada, faifan ya tsira, zubawa ɗaya ba ta kai ga lanƙwasa shi ba. Gambo ya koma hanya. Abin da Pindar bai sani ba shi ne ko tsohuwa za ta iya jira. Ya san mutane, ya san abin da tsoro ke sa hannu ya yi kafin kai ya tuna.

Mako biyu suka wuce, na uku ya shiga. Wagon ɗin ba ta leƙo Wulari ba. Da farko Pindar ya ɗauka albishir ne, daga baya ya tuna cewa a garin nan motar da ta daina zuwa gareji tana da dalili biyu. Ya kira wayar Gambo sau uku ba ta shiga. Ranar Alhamis aka wuni ana raɗe-raɗin an tare hanya da safe. La'asar na yi ya rufe akwatinsa ya tari keke zuwa Ajilari.

Tun daga bakin layi ya hango motar a fake a ƙofar gida, ƙura har rufi. Gambo yana zaune a dakali da kwanon tuwo a cinya, ya ɗaga masa hannu da loma a ciki. Ya ce wayar ce ta faɗa a baƙin man inji ta mutu. Hanya kuwa an tare da safe, gaskiya ne, amma a gabansu. Yana kan ɗari da talatin ya hango motoci suna juyowa, ya taka birki iya ƙarfinsa, ta tsaya tsaf ba ko gezau, ya juya da mutanensa suka fake a wani gari har sojoji suka buɗe.

Pindar ya zauna a gefen dakalin. Sai a lokacin ya lura da Ya Kellu. Ta shimfiɗa tabarma daf da tayar hagu, bokiti a gefenta an rufe shi da faifai, tazbaha a hannu. Ta miƙa bayan hannunta kusa da ƙarfen, yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi, ta janye.

"Da saura," in ji ta. Wata maƙwabciya da ta leƙo tana cewa magariba ta kusa, Ya Kellu ta ce mata magaribar ta zo, ita ba ta sauri. Sannan ta juyo ga baƙon. "Kai, makanike. Sunan nan naka mai wuya, Gambo ya koya mini, ina sa shi a ruwan tun ranar nan. Pindar. Haka ake faɗa?"

"Haka ne, Mama."

"To matso ka taɓa mini. Hannunka ya fi nawa sanin ƙarfe."

Ya durƙusa ya sa hannu ta cikin tayar, ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata, don bai so su ga idonsa ba. Ya ce mata ya huce. Ta miƙe ta buɗe bokitin, ta yi bisimilla ta zuba, ruwan ya gangara ƙasa shiru.